Tsofaffin Bindigogin Arewacin Zazzau: Tafiya Daga Kudan Zuwa Ikara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya san ana jin zuwan Sarki tun kafin a hango laimarsa. 'Yan bindigar Sarki ne ke sanar da jama'a. Sai ka ji tsawa ta tashi, dawakai su zabura, farin hayaƙin albarushi ya turnuƙe, yara su toshe kunne suna dariya. Ana gama hawa kowa ya watse, ba mai tambayar inda waɗannan dogayen bindigogi suke kwana sauran watannin shekara, ko wa ya ƙera su, ko hannun kakanni nawa suka ratsa.

A wasu ƙasashe wannan tambaya sana'a ce guda. A Amurka da Turai akwai mutanen da ke kashe dukiya wajen tara tsofaffin bindigogin da rundunonin soja suka daina aiki da su: Mosin-Nagant ta Rasha wadda aka fara a 1891, Mauser ta Jamus, Lee-Enfield ta Ingila. Suna goge su, su jera a bango, su karanta hatiman da ke jikinsu har su gano masana'antar da ta yi kowace ɗaya da shekarar da ta fito. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, kuma tana da lasisi na musamman don masu tara waɗanda suka haura shekara 50. Abin da ya tashe ni daga Zariya shi ne in ga namu rabon na wannan tarihi, a ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara. Na zaɓi nan ne saboda yanki ne da ke kwance tsakanin Zazzau da Kano. Fatake sun bi ta cikinsa, mahara sun bi, rundunar Turawa ma ta gefensa ta wuce.

A zauren maharbi

Na kama hanyar Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, da sanyin safiyar hunturu. Gonakin rake ne hagu da dama, kuma tun daga nesa kana hango hayaƙin masu dafa mazarƙwaila. A tasha na tambayi inda zan sami tsofaffin maharba. Nan take fuskoki suka sauya, aka bi ni da kallo. A wannan zamani baƙo ba ya shiga gari ya fara da maganar bindiga. Sai da na je na gai da mai unguwa, na nuna katin aikina, na bayyana cewa tarihi nake bi, sannan ya haɗa ni da wani yaro ya raka ni wani ƙauye da ke gaba, wajen wani dattijo da farauta ta zama gado a gidansu.

Na same shi a zaure yana jan carbi a kan buzu.

"Salamu alaikum, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Shigo daga ciki, sanyin nan ba ya raga wa baƙo."

Sai da aka kawo fura muka sha, muka taɓa hirar damina da farashin taki, kafin ya aika jikansa cikin gida. Yaron ya fito rungume da wani dogon abu a naɗe cikin tsohon gwado.

Da aka warware, tsawonta ya kusa kai kafaɗata. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kotarta ta yi baƙi ƙirin saboda man hannu da hayaƙin ɗaki, kuma inda kunci ke kwanciya ya lotsa ya yi santsi. An ɗaure bututun da itacen da zobban fata guda-guda, waɗanda aka sa tun suna ɗanye suka bushe suka kama gam. Kusa da kunamar akwai laya biyu da wuri uku a ɗinke. Dattijon ya juya ta wajen hasken ƙofa, ya goge farantin ƙarfen da ke gefe da bakin rigarsa, ya ce in duba da kyau. A ƙarƙashin tsatsa akwai alamar kambi, ta kusa shafewa, da wasu haruffan boko da ba sa karantuwa. Ya ce ta kakansa ce, kuma a da da ƙanƙara take tashi, daga baya wani maƙeri ya mai da ita mai hula. Ya nuna mini ramin da aka toshe a wurin da kaskon albarushi yake tun farko.

Ya ce shekaru sun yi nisa rabon da a harba ta, don ƙarfen ya gaji, in an matsa masa zai iya tsagewa. Amma bai yarda ta bar gidan ba. Ya lissafa mini dazuzzukan da ta shiga, da ɓaunar da aka ce kakan ya kayar da ita, da shekarar da kura ta addabi garken garin. Ko ɗaya daga cikin wannan ba a rubuce yake ba. Jikan da ya ɗauko ta yana tsugune yana latsa waya.

Irin wannan bindiga ita ce 'yan kasuwar Turai suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma ɗaruruwan shekaru, akasari ƙirar Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, ana musayarta da bayi da hauren giwa da manja. Hanyarta zuwa ƙasar Hausa doguwa ce. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dogarai masu bindiga. Duk da haka ta daɗe tana tsada da wuyar samu. Baturen nan Clapperton, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙi da Gobirawa a 1826, bindiga 42 kacal ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa. Doki da mashi da baka su ne ƙarfin yaƙi a lokacin.

A rabi na biyu na ƙarni na 19 ne lamarin ya sauya. Etsu Nupe Masaba ya riƙe cinikin bindiga da Turawan kogin Kwara, daga hannunsa take haurowa arewa. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi, har ya sa ana zuba igwa a cikin Zinder. A Zazzau, Sarki Yero da ɗansa Kwasau, wanda ya hau gado a 1897, sun dogara ƙwarai da rundunar bayi masu bindiga. A Kano kuwa har yau ana kiran Sarki Alu da Mai Sango, wato mashin nan mai dafi da maharban giwa ke cusawa a bakin bindiga su harba. Bindigar da ke kwance a gabana a kan gwado ta fito ne daga wannan duniya, ko da yake ita daji ta yi wa aiki.

Maƙerar Makarfi

Daga ƙasar Kudan na nufi Makarfi, garin da rake ya yi wa suna. Motocin ɗaukar kaya sun yi layi ana loda musu dami-dami. Na ratsa ta bayan kasuwa zuwa rumfunan maƙera, inda ƙarar guduma a kan uwar maƙera ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Wani magidanci mai furfura a gemu ya ajiye awartaki ya ba ni kujera 'yar tsugunno.

Garma da fartanya da lauje yake ƙerawa, sai gyaran baro. Ya ce mahaifinsa ne ya san bindiga ciki da waje, kuma a hannunsa ya koyi bambanta tsohon bututun Turawa da na gida. Na Turawa, in ji shi, ya fi kauri a gindi ya sirance zuwa baki, kuma sau da yawa akwai hatimin gwaji a kusa da gindin. Na baya-bayan nan kuwa daga bututun famfo ko sandar sitiyarin mota ake yankowa, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa. Hatimin da yake magana a kai gaskiya ne. Birmingham tana da gidan gwajin bindiga tun 1813, inda ake jarraba ƙarfin bututu kafin a buga masa alama. Maƙerin bai taɓa jin sunan gidan ba, amma ya san alamarsa da ido.

Na tambaye shi ina tsofaffin suka tafi. Ya lissafa mini hanya uku da yatsunsa. Ta farko tsatsa da gara: a jingine bindiga a kusurwar ɗakin ƙasa, damina ta bi ta kanta sau goma, sai a wayi gari kota ta zama gari, ƙarfe ya rududduge. Ta biyu 'yan gwangwan, masu yawo da baro suna sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Mai gida ya rasu, magada su share ɗaki, a auna bututun da ya shekara ɗari tare da tsohon bokiti da ƙafar keke. Ta uku tsoro. Duk lokacin da aka ji hukuma na neman makamai, wasu sukan jefa ta kakanni a tsohuwar rijiya ko su binne a bayan gida, don kada a zo a same ta a yi musu fassarar da ba ita ba.

Wannan tsoro yana da tushe. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma ake aiki da ita har yanzu, ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigogin soja, ciki har da masu cin harsashi .303 da 7.62, haramtattu ne ga kowa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani suna buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki, irin ta dattijon Kudan, izininsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙira da gyara ma sai da izini. Ke nan irin tarin da Ba'amurke ke yi a falonsa ba shi da gurbi a nan, kuma ban ga dalilin da zai sa a nema masa gurbi ba. Wanda ya san abin da mutanen Birnin Gwari da Giwa suka gani a shekarun nan, a cikin wannan jiha tamu, ba zai so a ƙara ko bindiga ɗaya mai aiki a gidajen mutane da sunan ado ba. Maƙerin ya faɗi haka da bakinsa. Ya ce abin da ke ci masa rai shi ne yadda aka haɗa ta kakansa da ta ɓarayin daji aka yi musu kuɗin goro.

A kan hanyar Kano

Na fito babban titin Zariya zuwa Kano a Tashar Yari, na tsaya cin abinci. Tireloli suna wucewa ƙasa na girgiza. Ta wannan shiyya ce rundunar Kanar Morland ta bi bayan ta tashi daga Zariya ranar 29 ga Janairun 1903. Sojoji ne sama da 700, mafi yawansu 'yan Afirka, Hausawa da yawa a ciki, ƙarƙashin hafsoshin Ingila. Suna ɗauke da igwa huɗu da bindiga mai ruwa ƙirar Maxim guda huɗu. Sun fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano. Sarki Alu ba ya gari a lokacin, ya tafi Sakkwato, Sarkin Shanu ne ya tsaya a gidan sarauta har aka kashe shi. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi.

Yaran makaranta suna haddace waɗannan ranaku, amma ba a cika nuna musu abin da ya sa aka yi haka ba. Ba ƙarancin zuciya ba ne. Mutanen da suka tunkari wuta a Kwatarkwashi tare da Wazirin Kano Ahmadu ba matsorata ba ne. Bambancin yana cikin ƙarfen da ke hannun kowane ɓangare. Mai bindigar toka sai ya tsaya ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya saka harsashi, sannan ya harba sau ɗaya, kuma in abokin gaba ya wuce taku ɗari sai dai a yi fatan sa'a. Sojan Turawa yana saka harsashi ta baya cikin ƙiftawar ido, yana samun mutum daga nisan da kibiya ba ta zuwa. Maxim kuwa tana iya zubar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya. Kuma da gangan aka tsara wannan rata. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai sun amince a hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, a bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa.

Da za a ajiye bindigar dattijon Kudan kusa da Martini ko Lee-Enfield irin ta sojojin Turawa a teburi ɗaya, a kawo 'yan aji shida su kalla, malami ba zai sha wahalar bayanin 1903 ba. Wannan shi ne amfanin tsohuwar bindiga ga mai neman ilmi. Hujja ce da ake gani da ido.

Akwatin tsohon soja a Ikara

Daga nan na yi gabas zuwa Ikara, ƙasar tumatir da masara da barkono. Kwanduna sun cika bakin hanya, an shanya yankakken tumatir a kan duwatsu ya yi ja wur. Wani malamin makaranta da aka haɗa ni da shi ya ce in bindigar soja nake nema ba zan samu a gidan kowa ba, amma zai kai ni inda zan ga sawunta. Ya kai ni gidan wata dattijuwa wadda mahaifinta ya je yaƙin Bama.

"Sannu da hutawa, Inna. Ga baƙo na kawo miki daga Zariya."

"Maraba da mutanen birni. Ku zauna, bari a ɗauko akwatin Malam."

Akwatin ƙarfe ne, fentinsa ya kwaile, murfin yana ƙara in an ɗaga. A ciki akwai ɗan littafin sallama daga soja wanda gefensa ya zama ruwan ƙasa, da bel mai kan tagulla, da lamba mai siffar tauraro mai tsini shida, zarenta ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Tauraron Bama ke nan, wanda aka ba waɗanda suka yi yaƙi a can. A ƙasan akwatin, cikin leda, akwai hoto. Saurayi ne siriri cikin gajeren wando da hula mai faɗin baki, ya ƙame, gindin bindiga a ƙasa kusa da ƙafarsa ta dama, bakinta ya kai masa ƙugu ya wuce. Lee-Enfield ce, ana gane ta da ɗan akwatin harsashin da ya leƙo a gaban kunama.

Ita ce bindigar da ta yi wa daular Ingila aiki a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Tana cin harsashi goma, ana ja mata sakata da hannu bayan kowane harbi. Samfurin da ya fi shahara ya fito a 1907, wani kuma mai lamba 4 ya yawaita daga 1941. An ƙera ta a Ingila, an ƙera a Lithgow ta Ostireliya da Ishapore ta Indiya, kuma kowace tana ɗauke da hatimin inda ta fito da shekara, abin da masu tarawa ke bi ke nan. 'Yan Nijeriya sun ɗauke ta zuwa Kamaru da Afirka ta Gabas a yaƙin farko. A na biyu, Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka kai ta dazuzzukan Bama, suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyin Nijeriya uku sun yi aiki da dakarun Chindit a bayan layin abokan gaba, kuma daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa. A Zariyar ne kuma ake horar da kuratan soja tun 1924, don haka samarin ƙauyukan nan ba su yi nisa da ƙofar shiga ba. Bayan 'yanci bindigar ta daɗe a kafaɗar 'yan sanda, har soja suka koma masu sarrafa kansu, aka kuma kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964.

Inna ba ta san sunan bindigar ba. Abin da ta sani shi ne mahaifinta ya dawo ba ya son ƙarar tsawa, kuma yakan ba su labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shan jini, da kayan da suka riƙa ɗauka a ka cikin duwatsu, da jirgin ruwan da suka yi makonni a ciki ba su ga ƙasa ba. Ya mai da bindigar ma'ajiya ranar sallama kamar kowane soja, ya dawo ya kama fartanya. Ta ce jikokinta sun taɓa tambayarta ko lambar zinariya ce a sayar. Ta rufe akwatin ta sa a ƙarƙashin gado tun daga ranar.

Malamin da ya kawo ni ya ce a garuruwan da ke kewaye, irin su Paki da Auchan da Saulawa, ba za a rasa irin wannan akwati ba in an bi gida-gida. Ranar 15 ga Janairun kowace shekara ana ajiye furanni a Abuja da Kaduna don tunawa da 'yan mazan jiya, amma ba a taɓa zuwa an tambayi Inna sunan bataliyar mahaifinta ba, alhali yana rubuce a littafin da ke ƙarƙashin gadonta.

Inda ya kamata su kwana

Akwai darasi a abin da ya faru da Nepal. A 2003 gwamnatin ƙasar ta sayar wa 'yan kasuwar kayan tarihi na Amurka tsohuwar ma'ajiyar makamanta da ke wani gidan sarauta a Kathmandu, bindigogi sama da 50,000, ciki har da Martini-Henry da waɗanda maƙeran Nepal suka ƙera da hannunsu. Yau suna rataye a ɗakunan masu tarawa a ƙasashe daban-daban. Sun tsira daga tsatsa, amma ɗan Nepal da ke son ganin abin da kakansa ya riƙe sai ya nema a intanet. Namu ba ma sayarwa ake yi ba, narkewa suke a tukunyar masu sarrafa tsohon ƙarfe.

Ba daga sifiri za a fara ba. Gidan Makama a Kano yana nuna kayan yaƙin da. Akwai gidan tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Arewa da ke adana takardu tun 1970, akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, akwai sashen tarihi da na binciken kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar ƙasa da awa biyu daga duk garuruwan da na zaga. A Ingila akwai tsarin da ake kashe bindiga ta yadda ba za ta sake tashi ba har abada, gidan gwaji ya duba ya ba da takardar shaida, sannan a rataye ta. Cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 don daƙile yaɗuwar ƙananan makamai tana tattara bindigogi tana lalatawa, kuma aiki ne mai kyau. Abin da ya rage shi ne a sa masanin tarihi ya duba tarin kafin a kunna wuta, a ware 'yan ƙalilan da suka kai shekara ɗari ko suke ɗauke da hatimi, a kashe su, a miƙa wa gidan tarihi.

A matakin ƙasa kuwa, masarautar Zazzau ce ke da sandar da za ta iya wannan aiki, domin ita mutane suka yarda da ita. In Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya umarci hakiman Ikara da Makarfi da Kudan su sa dagatai da sarakunan baka su yi rajistar tsofaffin bindigogin gado, tare da 'yan sanda don kowa ya san ba tarko ba ne, mutane za su fito da su. A ɗauki hoton kowace, a auna ta, a kwafi hatiminta, a naɗi muryar mai ita yana faɗin wanda ya fara riƙe ta da inda ta je. Wanda ya yarda ya bayar, a kashe ta a ajiye da sunan gidansu a rubuce a ƙasa. Wanda ya fi son ya riƙe, a taimaka masa ya sami izini, a koya masa yadda zai kare ta daga tsatsa. A haɗa da littattafan sallama da lambobi da hotunan tsofaffin sojoji, domin su ne rabin labarin. Ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a gidan hakimi ya isa a fara.

UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kuma baƙi za su ƙara zuwa kallon hawa a Kano da Zariya da Katsina. Za su tambayi tarihin bindigogin da ake harbawa a gaban Sarki, kuma ya kamata a sami amsar da ta wuce "tun kaka da kakanni". Ba a fafe gora ranar tafiya. Dattijon Kudan ya haura tamanin, Inna ta Ikara ba ta gani sosai, maƙerin Makarfi shi ne na ƙarshe a gidansu da ya iya karanta bututu. Ɗalibai biyu daga Jami'ar Ahmadu Bello da na'urar naɗar murya da kyamara za su iya zaga gundumomin nan uku a hutun zango ɗaya, kuma kuɗin da za a kashe bai kai na kayan doki ɗaya na hawan daushe ba.